Baffa Ladan da mutanensa masu kan albasa

Na so in yi shiru da wannan labari, don har gobe akwai masu ganin Baffa Ladan ya yi wasa da lahirarsa. To amma ku da kunka san shi a Bodinga, kun san ba a raba shi da wayar ƙarfe. Ko jana'iza muke rakiya, in ya hangi guntuwar waya a ƙasa sai ya duƙa ya tsince. In ka yi magana ya ce, "Ba ta mutu ba, hutawa takai."

Da wayar nan, da karan dawa, da takardar buhun siminti da yake jiƙawa da ƙaro, yake haɗa mutane da dabbobi. Na zauna Legas, na je Agadas da Kumasi, ban ga mai hannunsa ba. Akwai mata biyu masu daka, in ka murɗa wani ƙarfen keke sai taɓarensu su riƙa sauka bi da bi. Akwai mai jigo, iska na kaɗawa ya duƙa ya ɗago guga.

Zamanin siyasar farar hula, duk jam'iyyar da ta zo yaƙin zaɓe sai ya bi motarta har Shagari yana roƙon fasta, kowa na ganin nasu ne. Wani ɗan takara ya zo gaishe shi, ya tarar da fuskarsa manne a cinyar jaki. Baffa ya ce masa kada ya damu, abokin karawarsa na ƙarƙashin wutsiya.

Sai Liman, abokinsa tun suna yara, ya kira shi bayan azahar. Ya ce mai yin siffar abu mai rai, ranar tsayuwa za a ce ya busa masa rai, don haka ya zaɓa, ko ladanci ko mutum-mutumi. Mutumin da ya tsufa yana kiran salla, kwana uku tuwo bai shiga cikinsa ba. Ran na huɗu ya koma ya tambaya, in babu kai fa? Liman ya ce abin da ba shi da kai ba siffa ba ne. Baffa ya dawo gida ya fille kawunan mutum-mutumin nasa kaf.

Ashe nauyin kan ne ke rinjayar mai jigo. Babu kai, ya ƙi duƙawa. Baffa ya gwada dutse, ya yi nauyi, ya gwada goruba, ba ta isa ba. Albasa ce ta zo daidai, sai ya soka wa kowannensu ɗaya a wuya.

Liman ya zo dubawa, ya tsaya.

"Ladan, mi na wanga bisa wuyanai?"

"Allah shi gafarta Malam, albasa ta. In kai na, nuna min kunne."

Liman ya daɗe yana kallo, ya sa aka murɗa masa masu daka har sau biyu, sannan ya ce la'asar ta yi, a je a kira.

Da shekarar fari ta zo, fadama ta bushe, ana layin sabulu, sai matarsa Inna Hajo ta fara bin kawunan ɗaya bayan ɗaya. Wata safiya ya tarar mai jigo ya sandare, ya tambaye ta ina kan mutuminsa. Ta ce, "Ka ci shi jiya cikin miya, har ka nemi ƙari."

Bai bar kiran salla ba sai makon da ya kwanta. Allah shi jiƙan Baffa, shi yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, shi sa kiran da ya yi ya tsaya masa.

Da na gama ba da labarin nan a tsakar gida, Inna Hajo, yanzu ko gani ba ta yi sosai, ta jawo hannun rigata.

"Kai da ka yi yawon duniya, in anka ce shi busa musu rai, ni da nic cinye kawunan, ana barina in tsaya kusa da shi in yi bayani?"