Idon da Kofur Iro Ya Zaɓa

Duk wanda ya san Kofur Iro na Karare ya san ba ya amsa gaisuwa da ido biyu. Kana yi masa sallama zai runtse na hagu, ya ƙura maka na dama, ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya ka haɗu!" Sai ka tsaya cak kamar an kafe ka, shi kuwa yana murza iska da 'yan yatsunsa biyu. Sai ya gamsu tukuna ya ce, "Yauwa, ka haɗu. Wa'alaikumussalam, an tashi lafiya?" Haka yake yi wa yaro, haka yake yi wa Liman. Ni taubashinsa ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, saboda haka ni kaɗai nake iya ce masa mahaukaci a tsakiyar kasuwa in kwana lafiya.

Asalin abin daga yaƙin Bama ya taho da shi, wato yaƙin duniya na biyu da Turawa suka kai su ƙasar Burma. Kowa ya dawo da bargo ko takalmi, shi ya dawo da 'yar kyamara da ba ta fi tafin hannu ba, ba irin akwatin nan mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle na masu hoton Katsina ba. Wani Baturensu ne ya ba shi, don gilashin gabanta ya fashe. Gilashin nan shi Iro yake kira ido. Inda yake a da sai rami. Amma akwai 'yar taga a samanta da ake leƙawa, in ka leƙa sai ka ga mutum ya zama biyu, ɗaya a jikin ɗaya kamar inuwa. In da ido, murza shi ake yi har biyun su koma mutum guda, sannan hoto ya fito tsaf.

To babu ido, babu fim, amma wannan bai hana Iro aiki ba. Ranar kasuwar Batsari zai rataya ta a wuya ya bi rumfa-rumfa, ya tsai da mutum, ya danna, ƙyas!

"Kofur, ina hoton nawa?"

"Yana ciki. Bai nuna ba."

"Yaushe zai nuna?"

"Kai gero ne ka shuka yau ka girbe yau?"

Matarsa Rakiya ita ta gaji da abin kunya. Shekarar da gyaɗarsu ta yi kyau ta ce masa ko dai ya saya wa makauniyar nan ido, ko ta jefa ta a rijiya kowa ya huta. Da haka aka kwashe gyaɗar kaka guda aka sayar, ni da shi muka hau bayan motar kaya har Kano.

A Fagge muka sami kantin wani Balarabe ɗan Sham. Ya shimfiɗa ƙyalle, ya jera mana ido uku. Ya ce wannan talatin da biyar, wannan hamsin, wannan casa'in, wato lambar da ke rubuce jikin kowanne, ba kuɗinsa ba.

Iro ya ce, "Shekarunsu ke nan? To cire tsohon, ba zai jure tafiya ba."

Balaraben ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ɗauki mai dogon wuyan, casa'in ɗin, ya ce wannan na nesa yake jawowa. Mutum yana can tsallaken titi za ka ɗauke shi bai ma sani ba.

"Bai sani ba?" in ji Iro. "Ba sallama, ba komai? A'a. Wannan idon ɓarawo ne. Mayar da shi."

Saura biyu. Balaraben ya ce ɗan guntun nan, talatin da biyar, shi masu yawo a gari suka fi so, don faɗi gare shi, yana kwaso kasuwa guda. Sai dai 'yar tagar kyamarar Iro daidai ganin hamsin aka yi ta. In ya ɗaura mai faɗin, zai riƙa ɗauko abin da shi bai gani a tagar ba.

Iro ya jujjuya su biyun a hannu. Ya ce sai ya gwada. Mutumin ya sa masa fim, muka fita bayan kantin da rana tsaka. Aka tsai da ni jikin wani dogon bango, Iro ya ɗauke ni da hamsin, ya sauya, ya ɗauke ni da mai faɗin, bai gusa daga inda yake ba. Wani Bayarabe a Sabon Gari ya wanke mana, washegari muka karɓa.

Na hamsin ni ne kawai, da bango, da kunnuwana da Iro ya ce sun fi na jaki kyau. Na biyun ma ni ne, na ƙanƙance, bangon ya ƙara tsawo. A can gefen hagu, dab da bakin takardar, ga wani mutum tsugune cikin farar riga, ya ɗago kai yana kallona.

Jama'a, ni na tsaya a wurin nan. Ba kowa jikin bangon sai wata tsohuwar ganga. Fuskar mutumin ba ta fito ba, ta yi dishi-dishi. Amma hular ta fito, an karya ta gefe guda ta rufe kunne. Mahaifina kaɗai na san yana karya hula haka, shi kuwa tun kafin a tafi yaƙi muka binne shi.

Bayaraben ya ce Kano ce, mutane na wucewa ba ka lura ba. Iro ya juyo gare ni. Ya dube ni, ya ce, "Ɗan Gwaggo, ka san shi?"

Na ce, "Mu tafi."

Da muka koma kantin ya tura wa Balaraben mai faɗin da ɗan yatsa ɗaya, kamar mai ture kunama. Ya ce, "Wannan yana gayyato waɗanda ban gayyata ba. Ba ni wanda yake ganin abin da nake gani, ba ƙari ba ragi. In ina son kusa, ina da ƙafa. In ina son faɗi, in ja da baya."

Hamsin ɗin nan shi ya riƙe har ya bar duniya. Ya zaga da shi Wagini, ya zaga Safana, ya bi masu fatauci har bakin dajin Rugu a kan jakinsa. Kuma ja da bayan da ya yi alkawari ya cika shi, don ya ja da baya ya faɗa tukunyar mai ƙosai, ya ja da baya ya taka sahun masu sallar la'asar. Ba ya waiwaye. Wai in ya waiwaya mutum zai rabu.

Wata ranar kasuwar Safana ina tare da shi, wani Arɗo, dattijo mai ƙarfi da ba ka ce ya tsufa ba, ya ce a ɗauki farin bijiminsa, kuma ƙahonin su fito duka. Ƙaho ne kamar reshen gawo. Iro ya leƙa, bai shiga ba. Ya ja da baya, bai shiga ba. Ina ce masa, "Kai, akwai rami!" yana cewa, "Yi mini shiru, bawa!" Sai ji muka yi tim! Ramin da ake ɗibar ƙasar gini ne. Muka leƙa, ga Kofur kwance rigingine, yana tambaya ko bijimin ya motsa.

Ya fito ya kakkaɓe, ya ɗauki bijimin. Sannan Arɗo ya gyara rawani, ya dogara da sandarsa, ya ce saura shi. Iro ya matso, ya leƙa, ya murza. Ya sake murzawa. Na ga gumi ya karyo masa. Ya sauke kyamarar, ya goge tagar da bakin riga, ya sake leƙawa.

"Arɗo, tsaya ka haɗu."

"Ai a tsaye nake, Kofur."

Iro ya daɗe a haka, sannan ya rataye kyamararsa ya ce yau ba zai ɗauka ba, sai wata kasuwar. A hanya na matsa masa. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ba gefe da gefe na gan su ba. Ɗayan ya ɗaga sama da ɗayan, kamar yana shirin tashi."

Kasuwa ba ta zagayo ba aka aiko Arɗo ya rasu. Ya kwanta hutawa gindin bishiya da hantsi, bai farka ba.

To kun san Karare da magana. Kafin la'asar kowa ya ji, kuma ni ne na faɗa, ba zan ɓoye ba, bakina ba ya riƙe ruwa. Mutane suka kasu biyu, masu gudun Iro da masu zuwa a duba su. Shi kuwa gogan ba ya iya ƙarya. Mahaucinmu ya zo, aka leƙa, bai haɗu ba. Wanzami ya zo, bai haɗu ba. Mai unguwa ya aiko a kira shi cikin gida a asirce, shi ma ɗayansa ya ɗaga sama. Duk wanda aka duba sai Iro ya sauke kyamara ya ce, "Allah ya sa mu cika da imani."

Wayyo, garin nan ya yi tsit! Kasuwar yamma ta mutu. Masallaci ya cika har waje, waɗanda ba a taɓa gani a sahun asuba ba suka riga ladan zuwa. Wasu 'yan'uwa biyu da suka shekara ba sa magana kan iyakar gona suka rungume juna suna kuka. Liman ya yi wa'azi cewa ba wanda ya san gaibu sai Allah, gilashi ba ya sanin ajali, kowa ya ce haka ne, Malam, amma ba wanda ya saki jiki. Ni kaina na ƙi yarda ya dube ni. In na hango shi sai in bi ta bayan dangar mutane.

Rakiya ce ta kawo ƙarshen abin. Na shiga gidan na same shi zaune ya ƙi cin tuwo, wai gari zai ƙare. Ta aje taɓarya, ta goge hannu a zani, ta ce, "Ba ni nan in gani, Kofur."

"Ke, ba a ba mace."

Ta fizge. Ta leƙa, ta juya nan, ta juya can. Ta ce, "To ga turmina ma bai haɗu ba. Ga rumbu bai haɗu ba. Ga jakinka, ga tulu. Su ma duk lahira za su? Faɗuwar da ka yi a rami ce ta gurɗe mata ciki, ka bi ka hana bayin Allah barci!"

Mai gyaran agogo a Katsina ya buɗe kyamarar ya ɗaure wani ɗan ƙusa, kowa ya koma ya haɗu. Sahun asuba ya koma yadda yake, 'yan'uwan nan suka koma rigimarsu. Aka yi ta yi wa Iro dariya, har yara na bin sa suna "Kofur, turmi ya gaishe ka!"

Shi dai bai taɓa yarda ya yi kuskure ba. Ya ce, "Bayan na fito daga ramin na ɗauki bijimi, kuma ya haɗu. Ga hotonsa, gashin hancinsa ma ana gani. Arɗo ne bai haɗu ba." Turmin kuwa, a cikin satin nan Rakiya na daka ya tsage gida biyu. Iro ya zo ya tsaya a kansa, ya ce, "Ban ce komai ba."

Ana tsakiyar maganar mulkin kai, Turawa na shirin tafiya, Rakiya ta kwanta zazzaɓi da damina, ba ta tashi ba. Daga nan Iro ya daina ɗaukar mutane. Ko an roƙe shi sai ya ce idon ya gaji. Amma kullum da hantsi zai rataya kyamara ya fita, kuma masu zuwa gona suka fara kawo mini labari. Sun gan shi bakin rijiya ba kowa, yana magana yana dariya. Sun gan shi gindin tsamiyar kasuwar Batsari ranar da ba kasuwa, yana cewa, "Matsa kaɗan, rana na dukan fuskarki." Na ce su ƙyale shi. Kaka ba ta zo ba shi ma ya bi ta.

Da aka yi addu'ar bakwai na sami fim a cikin kyamarar, na kai Katsina aka wanke. Mai wankin ya ba ni haƙuri, ya ce duk sun lalace. Wai mai ɗaukar ya saita idon kusa, daidai inda mutum zai tsaya a gabansa, alhali ba kowa a wurin, shi ya sa komai na baya ya yi hazo.

Na zauna a bakin shagonsa ina dubawa. Ga ƙofar ɗakin girki. Ga hanyar gona. Ga gindin tsamiya, daidai inda Rakiya ke aje ƙwaryar daddawarta. Kowanne an bar fili a tsakiya, tsayin mace guda. Na ƙarshen bakin rijiya ne, shi ma ba kowa, sai igiyar guga da ta fito tsaf, a miƙe, ta ɗaure tamau kamar ana janta.

Ban nuna wa kowa ba sai yau da nake ba ku labari. Na dawo gida na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarsa.

Allah ya jiƙan Iro, ya jiƙan Rakiya, ya yalwata musu makwanci, ya sanyaya musu ƙasa. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da kyau, ya bar mana wanda zai yi kewarmu haka. Amin.