Takalman Ƙofar Sabuwa

Sabuwa ta shekara goma sha ɗaya a Guangzhou ta ƙasar Sin, amma har yau ba ta yarda da injin niƙa ba. Turminta da taɓaryarta tun daga Fagge ta zo da su. Mijinta, Alhaji Salihu, wandunan jins yake saro wa 'yan kasuwar Kano daga Xintang. Ita kuwa kitso take yi wa matan da ke zuwa sari, a gidansu mai lamba 903, hawa na tara, a unguwar Sanyuanli.

Asabar ce ranarta. Matan Kano da na Maraɗi sukan taru bayan azahar, kowacce ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar yadda aka saba a gida, ta shiga ta yar da mayafi da ɗankwali, a baje ana hira.

Takalman nan su suka jawo. Wata Asabar 'yan sanda suka zo da takardar binciken gida mai lamba 906, inda aka ce ana ɓoye baƙin da bizarsu ta ƙare. Da suka hango takalma jibge a ƙofar Sabuwa, ba wanda ya ƙara duban lamba.

Tana tsakiyar daka yaji ƙofa ta ɓalle. Wani ƙato cikin farin kaya ya faɗo falo, ba sallama, ba bayani. Mata suka kwasa da ihu, kowacce na neman abin rufe kai. Sabuwa ba ta yi ihu ba. Taɓaryar da ke hannunta ta sauke masa a damtse. Sai da ya durƙusa sannan ta ga masu kayan sarki a bayansa.

A ofishinsu aka ajiye mata takarda da biro. Tafinta ya ce an rubuta cewa ta kai wa jami'i hari, ta kuma nemi afuwa. In ta sa hannu, maganar ta mutu. In ta ƙi, to ta tuna takardar zamanta saura wata biyu ta ƙare.

Alhaji Salihu, wanda ya baro kayansa a Xintang ya rugo, ya matso kusa da ita.

"Maman Najiba, ki rufa mana asiri ki sa hannu. Nan ba Kano ba ce."

"Na sani, Alhaji. Da Kano ce ai da maƙwabta sun taya ni."

"Wasa ma kike yi? Korar ki fa za su yi."

"To su kore ni da gaskiyata. Ƙato ya faɗo wa matan mutane kai ba ɗankwali, me kake so in yi masa? In kawo masa ruwa?"

Ta juya wajen tafinta. Tun shigowarta ta lura da takardar binciken a gefen tebur.

"Ɗan nan, faɗa wa maigidanku ban iya karatunku ba, amma na san uku, na san shida. Waccan takardar shida ta ce. Ƙofata uku ce. A fara rubuta wannan, a rubuta ba su faɗi ko su wane ne su ba. Sannan a rubuta na doke shi, ba zan musa ba."

Babban jami'in ya girgiza kai ya ce, "Meyo," wato babu.

"Ni ma meyo," in ji ta, ta ture biron.

Awa uku tana zaune. Ta yi la'asar a lungun ofishin, a kan gyalenta. Da aka tambayi matan da ke gidan, kowacce abin da Sabuwa ta faɗa shi ta maimaita, kuma fasfo ɗinsu duk lafiya lau. Dab da magariba aka kawo wata takardar. Ta sa wani ɗalibi Bahaushe da Alhaji ya kira ya karanta mata layi-layi. Lambobin biyu suna ciki. Kalmar haƙuri ba ta ciki, daga ɓangarensu ko nata. Sai da aka buga jan hatimi sannan ta sa hannu.

Ba ta fita salin-alin ba. Da lokacin sabunta takardar zama ya zo, wata shida aka ba ta maimakon shekara, ba tare da an faɗi dalili ba. Taɓaryar kuma an riƙe ta a matsayin shaida. Sau huɗu tana komawa kafin a miƙo mata ita, da 'yar takarda ɗaure a wuya. Ba ta cire ba, haka take daka da ita.

Da mai gidan hayar ya zo duba sabuwar ƙofa, ya roƙe ta ta riƙa shigar da takalman baƙi ciki. Ta ce masa takalmi ba ya hawa mata darduma. Ta sa aka rubuta 903 da jan fenti, kowace lamba ta kai tafin hannu. Ran Asabar takalman suna nan a ƙarƙashinta, jibge.