Rijiyar da Ke Bayan Runka

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isiyaku na Safana, Allah Ya jiƙansa. Karatuna a firamare ya tsaya, ban kuma taɓa rubuta wa jarida ba. Amma a makon nan aikinsa ya dawo gidana, ya hana ni sukuni.

Baba malamin Islamiyya ne. Wata shekara wasu mutane a birnin Katsina suka haɗa ɗan littafi don baƙi masu zuwa ganin gari: ƙofofi, ganuwa, hasumiyar Gobarau, marina. A ƙarshe suka sa shafi kan tsofaffin garuruwan yamma na zamanin Daular Usmaniyya, inda mutanen sarki ke tsaron iyaka. Wannan shafin aka aiko wa Baba ya duba kafin a buga. Idonsa ya fara rauni, don haka ni ke karanta masa da yatsa, shi yana riƙe da jan biro.

Na karanta cewa bayan Runka akwai kufai, da rijiyar fatake a gindin tsamiya. Ya ce in maimaita. Washegari ya tada babur.

"Malam, a kan itace za ka ƙona mai?" in ji Inna.

"Ni kuka na sani a wurin. In baƙo ya tsaya gindin tsamiya ƙishi na cin sa, wa ya ɓatar da shi?"

Ya dawo bayan la'asar, wandonsa duk ƙarangiya. Kuka ce. Ya soke tsamiya, ya ƙara layi da hannunsa: hanya lafiya lau, babur na zuwa, mutanen rugar da ke kusa za su ba ka nono.

A lokacin gaskiya ne. Yau rugar ta watse. Gonakin wajen sun koma daji, 'yan bindiga ke yawo a ciki. Mu da ke tsakanin Safana da Batsari mun san abin da ke biyo baya idan mutum ya bi irin wannan hanya: sai iyalinsa su zauna jiran waya daga lambar da ba su sani ba.

Yanzu za a sake buga littafin, an aiko wa maigidana shafin, don shi ɗalibin Baba ne. Bai ce mini komai ba. Na dai ga ya cika tanki, ya ɗaure sarƙar babur, ya biya ƙaramin bashin mai shago da ya daɗe yana ja. Wannan na ƙarshen ne ya sa na gane yana shirin tafiyar da ba tabbas zai dawo. 'Yarmu Hafsa na bayana tana zazzaɓin haƙori, na tsaya a bakin zaure.

"Baban Hafsa, ina zuwa?"

"In ga rijiyar in dawo. Malam bai taɓa sa hannu kan abin da bai gani ba. In zauna a ɗaki in ce na duba?"

"To kada ka ce ka duba."

"Mi zan rubuta?"

"Abin da ka sani. Ka san ba a zuwa."

Ya buɗe takardar ya sake karantawa. Ni ma na tambayi kaina abin da Baba zai ce. Mutane na tuna shi da tafiyar, ana ba da labarin mutumin da ya je Runka saboda itace ɗaya. Ni da na zauna kusa da shi na san ba rijiyar ta dame shi ba. Baƙon ne, wanda bai taɓa gani ba, wanda zai yarda da littafi ya kama hanya. Da yana raye, da shi zai fara soke layinsa, ba zai ji kunyar kowa ba.

Jiya maigidana ya ɗauki jan biro. Rubutun malaminsa ne a gabansa. Ya ja layi a kan "hanya lafiya lau", ya rubuta a gefe: ba mu samu zuwa ba, baƙo kada ya je.

Ban sani ba ko masu littafin za su yarda su buga hakan. Kukar dai ya bar ta yadda Baba ya gyara. Babur na zaure da mansa, Hafsa kuma ta yi barci a cinyar ubanta.