Tak-tak ɗin Motar Yaya

Motar yayana ba ta taɓa shigowa unguwa a ɓoye ba. Tun daga kwanar rijiya, kafin ka hango ko hancinta, za ka ji ta, tak-tak-tak, kuma a cikin tak-tak ɗin akwai guda mai nauyi da ke fita daban, kamar mai ɗingishi yana tafiya a kan siminti. Matan gidanmu a Zongon Salaga sukan ce ga keken ɗinki nan ya iso. Ni kaina na sha yi masa tsiya, ina ce masa magidanci kamarsa bai kamata ya riƙa yawo gari-gari da injin niƙa ba. Sai ya yi dariya ya ce in je in auna gerona, tunda ni a lokacin shagon hatsi nake riƙe da shi a kasuwa.

Motar haɗe-haɗe ce. Gangar jikin ta Turai, injin na Japan ne da ya ciro daga wata da ta yi hatsari, sandar da ke ɗaga bawul kuma, wadda makanikai ke kira kamshaf, ta wani injin ce dabam da ya sayo a tsallaken iyaka ta Kulungugu. Da fetur ya yi tsada sai ya mai da ita mai shan gas, ya ɗaure mata tukunya a baya. Da ita yake kai doya Bawku ya dawo da albasa, ta Yendi da Gushegu, rani da damina.

Wata rana da na dame shi ya yi mini bayanin ƙarar. Tsakanin kan bawul, ƙofar shigar mai da fitar hayaƙi, da ɗan ƙarfen da ke danna shi, wato roka, ana barin 'yar rata da ba ta kai kaurin farce ba. In inji ya ɗauki zafi ƙarfe yakan miƙe, ratar ta ragu. In ba a bar ta ba, bawul ba zai rufe ruf ba, wuta ta riƙa lasar gefensa har ya ƙone. Gas kuwa busasshe ne, yana cin mazaunin bawul a hankali, ratar tana ta matsewa da kanta. Shi ya sa ya buɗe tasa fiye da ƙa'ida. Ya ce gara ta cika masa kunne da ta kwana da shi a daji. Na ce to, Allah ya ba da sa'a, ni dai kunnena ne ke biyan haraji.

A Bawku ya rasu. Ya sauke kaya, ya ce cikinsa na murɗa masa, aka kai shi asibiti, bai fito ba. Damina ce, hanya ta yanke a wurare, garin kuma yana cikin dokar hana fita, don haka mutanen tasha suka yi masa sutura a can. Daga baya na je aka nuna mini kabarin, na tuƙo motar zuwa gida. Da yake ya bar mata da yara, shagon hatsi kuma ba ya ɗaukar gida biyu, sai na bar wa matata shagon na hau hanyarsa.

Babanmu tsohon direban babbar mota ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana kai shanu Kumasi. A lokacin idonsa ya riga ya tafi, kunne ne ya rage masa, kunnen kuwa ba na wasa ba ne. An yi zaman makoki da shi, ya amsa gaisuwa da bakinsa. Amma bayan 'yan watanni kansa ya fara zamewa. Ya manta an yi masa wanka, ya manta sunan jikoki, sai kuma ya manta da rasuwar. Kullum bayan la'asar sai ya sa a zaunar da shi a zaure. In Mma, mahaifiyarmu, ta kawo tuwo, sai ya ture kwanon ya ce shi ba ya cin abinci yaro yana hanya.

Ranar da na fara dawowa da albasa bayan kansa ya zame, ina shan kwanar rijiya ya ɗaga kai. Mma ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce fuskarsa ta washe, ya ce: "Ya dawo. Ba ni abincina." Da na shiga na durƙusa na gaishe shi, ya gane ni sarai, ya ce: "Kai ne? Yayanka ya wuce masallaci ko?" Na dubi Mma, ta kawar da kai. Na ce e, Baba, ya wuce.

Haka muka zauna. In ina gari, sai in fita da motar in zaga ta bayan kasuwa in dawo ta kwanar rijiya, don kawai tsoho ya ci tuwo. In na yi tafiya, Mma takan lallaɓa shi da koko da fura har in dawo. Ba zan ɓoye ba, abin yana yi mini ciwo. Ni ne nake raye, ni nake shan ramukan hanya, ni nake kawo masarar tuwon, amma sai injin mamaci ya yi magana sannan ubana ya buɗe baki. Wani lokaci ina zagayen nan ina zagin motar a raina, in na shigo kuma na ga ya cinye kwano tas, sai in ji kunyar kaina.

Sai wata rana dab da Yendi motar ta tafasa. Gasket, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangarsa, ya ƙone, ruwa ya shiga mai, dole aka sauke kan injin. Bakaniken da aka kai ni wurinsa mutum ne mai tsabtar aiki, irin wanda yake jera notuna a kan tsumma bisa yadda ya ciro su. Na bar masa motar na bi wata da albasar. Da na dawo ɗauka, ya tarbe ni yana murmushi, ya ce in tsaya in ji. Ya murɗa makulli. Injin ya tashi lumui, ba tak ba ƙwas, sai wani ɗan gurnani mai laushi.

Ya ce: "Ka ji? Motan ka ya zama sabo paa. Roka guda ya ci rami, na canza shi. Duka bawul na sa geji na auna rata na gyara."

Mutumin ya yi aikin da ko a mafarki motar ba ta taɓa samu ba, ni kuwa ko sannu ban iya ce masa da kyau ba. Duk hanyar Bimbilla ina lallashin kaina, wai ƙila ba ƙarar ce kaɗai Baba yake ji ba, ƙila salansa ce, ƙila kukan birki ne. Na shigo unguwa na tsaya a ƙofar gida, na bar injin yana aiki. Baba yana zaure, bai ko motsa ba.

Daga ranar tuwo ya ƙare. Koko ma sai ya kurɓa kaɗan ya ce ya isa. Ya riƙa tambaya ko gadar wani wuri ta karye, ko an ji labarin hatsari a hawan Nakpanduri. Akwai wani tsohon saƙon murya da Yaya ya taɓa turo mini a waya, na kunna masa don hankalinsa ya kwanta. Ya saurara har ƙarshe ya ce: "To ai ka ji, yana hanya." Wuyansa ya fara fitowa daga riga, zoben azurfarsa ya riƙa zamewa daga yatsa.

Na koma Yendi na ce wa bakaniken ya mayar mini da ƙarar. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Mutane na kawo mota in kashe ƙara, kai ka kawo in sa ƙara? Lafiyan ka kuwa?"

Na gaya masa dalili. Ya goge hannu da tsumma, ya ce Allah ya ba tsoho lafiya. Na tambayi tsohon rokan, ya ce masu sayen ruɓaɓɓen ƙarfe sun kwashe shi tuni zuwa Tamale. Muka jira injin ya huce, don ba a auna rata da zafi. Ya cire murfin, ya juya injin da sifana har rokan farko ya saki, ya kwance notin, ya murɗa kusar da sukudireba, ya zura geji, wato 'yan siraran ƙarafan nan masu kama da ganyen wuƙa, ya sake ɗaurewa. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya tayar, ya ce: "Haka?" A nan na gane ban sani ba. Shekara da shekaru ƙarar nan tana cikin kunnena, har ina yi mata ba'a, amma da aka tambaye ni sai na rasa yadda take. Na ce ya ƙara kaɗan. Ya ƙara. Na ce ya rage. Ya rage, bai kuma karɓi ko sisi ba.

Da na iso gida tana ta ɓaɓatu, Baba ya karkata kai ya saurara. Sai ya ce wa Mma: "Wane baƙo ne ya tsaya mana a ƙofa? A gaya masa bawul ɗinsa sun buɗe da yawa, zai ɓata kamshaf." Da wata rana ce da na yi dariya. Na koma cikin motar na kifa kai a sitiyari.

Mma ce ta tuna mini da abokin Yaya na Bawku, bakaniken da suka haɗa injin tare, wanda kuma yana cikin waɗanda suka yi masa wanka. Na loda doya na tafi. Na same shi a rumfarsa ta bayan tasha, ya tsufa fiye da yadda na bar shi. Da na gama bayani ya ce in kunna masa saƙon nan na waya, domin Yaya yana zaune cikin motar ya yi shi, injin yana aiki a bayan muryarsa. Muka kara wayar a kunne, mu biyu, manya da gemu. Yaya yana cewa albasa ta yi arha, in gaya wa Mma zai taho mata da dawadawa. Mun kunna shi ya fi a ƙirga. Duk lokacin da na yi ƙoƙarin bin tak-tak ɗin sai muryar ta ɗauke ni.

Bakaniken ya ce: "Roka na uku ne, na bawul ɗin hayaƙi. Tun ranan da mun sa shi ya na da rami. Na ce yayan ka ya canza, ya ƙi kuraa, sam-sam."

Ya zazzage wani tsohon bokiti na ƙarafa ya zaɓo roka, ya zauna da dutsen wasa yana cin bakinsa a hankali, yana shafawa da babban yatsa. Ya buɗe sauran ratar daidai yadda ya tuna Yaya yana yi, ta ukun ya ƙara mata. Ya tayar ya kashe, ya jira ta huce, ya sake. Yini guda muka yi a kai. Da ya tayar na ƙarshe, ɗingishin nan ya dawo. Ya juya mini baya yana tattara sifanu, na ga kafaɗunsa suna rawa.

Na iso Salaga bayan la'asar. Ina shan kwana na hango Baba ya ɗaga kai, Mma har ta miƙe za ta ɗauko kwano. Sai ya ce a kama masa hannu a kai shi wurin motar, abin da bai taɓa nema ba. Na fito na riƙe shi, hannunsa ba nauyi. Ya ce in buɗe gaban. Ya ɗora bakin sandarsa a kan murfin injin, ya kara ɗaya bakin a kunne, yadda tsofaffin direbobi suke yi. Ya matsar da ita gaba kaɗan, ya sake matsarwa. Ya daɗe a haka.

Ya ce: "An yi ƙoƙari. Wanda ya yi wannan ya san aiki. Amma ba hannunsa ba ne."

Ya ci gaba, sandar tana kunnensa.

"Yaron nan ko ni da na haife shi bai taɓa bari na sa sifana a injinsa ba sai yana tsaye. In har an buɗe shi an sa wani ƙarfe..." Ya tsaya. Ya sauke sandar daga kunnensa. "A ina kuka binne shi?"

"A Bawku, Baba."

"Kashe ta."

Na kashe. Ya yi salati, ya yi inna lillahi, ya ce a mai da shi zaure a shimfiɗa tabarmi, mutane za su zo gaisuwa. Rasuwar da ta shekara biyu, wa zai zo? Na bi gidajen unguwa ɗaya-ɗaya ina roƙon dattawa. Allah ya saka musu, ba wanda ya tambaye ni dalili sau biyu. Suka sa huluna suka zo, suka zauna, suka yi masa ta'aziyya kamar yau abin ya faru, liman ya yi addu'a. Baba ya amsa wa kowa, hawaye na bin gemunsa. Da suka watse Mma ta ajiye masa tuwo, ya wanke hannu ya ci.

Bai sake neman a zaunar da shi a zaure ba. Da na dawo daga tafiyar da ta biyo baya, ruwa ya tsare ni a Gushegu har na makara, na tarar ya riga ya ci abincinsa ya kwanta. Na tambayi Mma ko ya yi cigiyar wani. Ta ce a'a, bai tambayi kowa ba.