Karen da Ba Mu Sa wa Suna ba

Ko zan manta komai na zamana a Amurka, ban da ranar da aka tambaye ni sunan karenmu.

Lokacin ina zaune a Lanham, ni da yayana muka kama 'yar gona a bayan gari muna kiwon raguna saboda masu layya. Wani Bature maƙwabcinmu ya ba mu ɗan kwikwiyo, ya tashi cikin garke har ya zama shi ne makiyayin. Rago in ya ɓalle, kafin ka juya ya koro shi. Amma mu a wurinmu kare kare ne: sauran tuwo a ƙasa, kwana a waje, in za a kira shi a ce "kai!"

Baturen ya sha gaya mana cewa karen da ke aikin gona ba a biya masa kuɗin lasisi, sai dai dole a je a yi masa rajista, a rataya masa lamba a wuya. Na kai wa yayana maganar.

"Haba ƙanena," ya ce, "da gemuna zan bi layi saboda kare? So kake mutanenmu na Mitchellville su ji Alhaji ya kai kare ofis? Tunda sun yafe, shi ke nan."

Na yi dariya, maganar ta bi ruwa.

Ranar jajibirin Babbar Sallah masu saye suka bar ƙofa a buɗe, rago ya arce, karen ya rufa masa baya. Da yamma ragon ya dawo shi kaɗai. Muka ce yunwa za ta koro karen, kamar yadda muka saba a gida, muka shiga hidimar nama. Sai da aka kwana biyu sosai na je gidan da ake ajiye dabbobin da aka tsinta.

"Mene ne sunansa?" in ji matar da ke kula da wurin.

Na ce mata ba mu sa masa suna ba.

"Lambarsa fa?"

Na kwatanta mata kamanninsa kawai. Ta ce an tsinto shi a bakin titi, an jira mai shi har aka gaji, wasu sun tafi da shi. "Da akwai lamba a wuyansa, da tun ranar muka kira ka."

Wallahi na ji kunya, kuma har yau abin yana min ciwo. Ya koro mana rago gida, mu muka kasa koro shi. Daga ranar na san duk wanda ke maka wahala, ko dabba ce, ya cancanci ka bi layi dominsa.