Matar da Ta Zuba wa 'Yata Ido a Bakin Kanal

Ranar da na fara zuwa wanki bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, ba za ta taɓa fita daga raina ba. Tun kafin mu tare a ƙauyen nan na kusa da Kura, inda maigidana ya samu aikin gonar tumatir, abu ɗaya ke hana ni sukuni: ruwa. A garinmu rijiya muka sani. Ga ni da 'ya mai shekara uku, wadda ko ƙiftawa ka yi ta bar wurin da ka ajiye ta.

Da wanki ya taru, na tambayi maigida inda mata ke zuwa. Ya ce akwai matakalar siminti kusa da gada, can kowa ke yi. Na goya yarinya, na ɗauki baho.

Na tarar da wurin cike. Mata sun jeru, masu kwanuka daga sama, masu tufafi a tsakiya, masu tsumman jarirai can ƙasa. A lokacin ban gane tsari ba ne, cunkoso kawai na gani. Na yi sallama ciki-ciki, na tsaya ina neman inda zan kutsa. Sai idona ya faɗa kan wata mata doguwa, zaune a kan dutse. Ba ta wanki, ba ta hira. Ina sauke 'yata ta kafe ta da ido. Yarinya ta yi dama, idon ya bi ta. Ta yi hagu, ya bi ta.

Na ji wata ta yi mata magana ta amsa, Hausarta irin ta mutanen Filato, sai zargina ya ƙaru, Allah Ya yafe mini. Na ce a raina, me wannan take nema da 'yar mutane? Na tofa wa yarinya addu'a, na sake goya ta, na kama hanya. Can gaba, ƙasa da ƙofar ƙarfen da ake sako ruwa, na hango wuri fili, ruwan bai wuce idon sawu ba, babu kowa.

Wata dattijuwa ta ɗaga murya. "'Yar nan, ba a wanki a can."

Na yi kamar ban ji ba. Na ɗauka baƙin ciki ne, sun ga baƙuwa ta samu wuri mai kyau.

Na zaunar da yarinya a bakin ruwa tana wasa da murfin kwano, na fara saɓa sabulu. Ɗagowar da zan yi, ga matar nan ta biyo ni. Ta zauna a kan gaɓa, ta ci gaba da kallo.

Na ce, "Baiwar Allah, lafiya?"

Ta ce, "Yi wankinki, maman yarinya. Tunda kin ƙi jin maganar Inna."

Na ci gaba da cuɗa riga, ido ɗaya a kanta. Har na yanke shawarar tattara kaya, sai na ga ta miƙe zumbur, ta diro, ta suri 'yata ta haye gaɓa da gudu. Na kurma ihu na bi ta, ina cewa ta sace mini 'ya. Ban kai sama ba na ji ƙugi a bayana. An buɗe ƙofa. Ruwa ya taho da kumfa da karmami, ya shafe inda yarinyar ke zaune, ya tafi da bahona da zannuwana biyu da murfin kwanon.

Matar ta miƙo mini yarinya, ta ce, "Ga ɓarauniya ta dawo da kaya."

Dattijuwar ta iso tana haki. Ta ce, "Ke da kika zo, wa kika tambaya? A nan kullum mace ɗaya ke ajiye wankinta ta zauna gadin yara da ruwa. Yau ranarta ce. Ta bar yara takwas a hannuna ta biyo 'yarki ɗaya."

Ashe matar ta ga ciyawa ta fara gudu a kan ruwa ne, alamar an buɗe ƙofa, abin da ni ko a mafarki ban san ana dubawa ba. Na shiga ba matar haƙuri. Ta yi dariya ta ce in bari, amma ran Laraba ni ce a kan dutse, kuma kada in zo da wanki.

Na zauna a dutsen nan ranar Laraba, kuma har yau ina zama idan layi ya zo kaina. Na sha ganin baƙuwa ta harare ni ta ja ɗanta jikinta, ba na jin haushi. Abin da na koya shi ne wurin da mutanen gari suka bari fili, da dalili suka bar shi. Don Allah, idan kin je bakin ruwan da ba na garinku ba, ki yi sallama da ƙarfi, ki nemi babbar wurin, ki tambaye ta inda za ki ajiye bahonki kafin ki sauke ɗanki.