Inda Aka Yanke a Waƙar Inna

Komai na iya ɓace mini a duniya, ban da ranar da na kai wa Baffa muryar Inna a faifai.

Da Inna ta rasu, mahaifin namu ya rage shi kaɗai a gidanmu na Beli, mu 'ya'ya kowa ya kama gabansa. Ni ina koyarwa a Rogo Sabon Gari. Abin da ya rage mana na muryarta waƙa ce guda ta Fulatanci da takan yi wa shanu in tana tatsa, wadda na ɗauka a waya ba ta sani ba. Wayar kuwa ta tsufa, yau ta kawo wuta gobe ta ƙi. Baffa ba ruwansa da waya, tsohon rediyonsa mai cin faifai shi ne abokin hirarsa. Ranar da na kunna masa waƙar a wayar, da zan tafi sai ya nuna rediyon ya ce, "Ba a iya sa ta a nan?"

Na je Karaye wurin wani mai tura waƙoƙi. Ya ce rediyon ba zai gane sautin waya ba, sai an juya shi a kwamfuta ya koma irin na faifai. Mutumin akwai son burgewa. "Malam, har gyara na yi maka," in ji shi. "Na yanke surutun ƙarshe, waƙa ta fito tas." Ni ma sarkin iyayi, na yi ta zuba godiya.

Na iske Baffa a inuwar zaure, ba kowa sai kaji. Bayan mun gaisa na sa faifan, muryar Inna ta cika gidan. Waƙa ta ƙare, amma bai ɗauke kunnensa daga rediyon ba.

"Ina sauran?"

"Ai ta ƙare, Baffa."

"A'a. Akwai inda ta ce in riƙe maraƙi."

Sai a lokacin na gane. Abin da muka kira surutu faɗa ne take yi masa: "Kai dai zauna nan, maraƙi zai shanye nonon!" Waƙar ta shanu ce. Wannan maganar kaɗai ce tasa.

Na koma Karaye ina addu'ar kada wayar ta mutu a hanya, don in ta mutu maganar ta tafi ke nan. Da ƙyar ta kawo. Na ce wa mutumin, "Don Allah ko tari ne kar ka taɓa."

Washegari na sake kunna wa Baffa. Waƙa ta wuce, Inna ta yi faɗanta. Sai na ji tsohon nan ya amsa a hankali, "To, ga ni nan."

Na fita waje na yi kuka. Tun ranar, kafin in gyara wa mutum abinsa, sai na tambaye shi wane ɓangare ne nasa.